Gari ya iso gonarmu, yanzu mu na Kalgo ne ko na Birnin Kebbi?

Ɗan Fadama:
Salamu alaikum jama'a, don Allah masu sani ku haska min. Gonar Baba tana gefen hanyar Kalgo, tun muna yara gero muke zubawa a cikinta, yanzu gini ya zo har bakin iyaka, maƙwabcinmu ya yanka tasa awon igiya ya sayar wa ma'aikata. Satin da ya wuce ƙanena ya je ɗaukar kara ya tarar da duwatsun siminti guda huɗu an kakkafa da lamba a jiki, ɗaya ma tsakiyar kunya. Mai unguwa ya ce shi ma ganinsu ya yi. To wai idan gari ya cinye ƙauye, ƙaramar hukumarmu ta koma Birnin Kebbi kenan? Kuma wa ke da ikon gonar, ciyaman ko gwamna?

Tsohon Safiyo:
Wa alaikumus salam ɗana. Abu biyu ka haɗa. Iyakar ƙaramar hukuma ba ta tafiya don gini ya tafi, tsarin mulkin 1999 sashe na 8 ya sa sai 'yan majalisar yankin da kansiloli sun nema, majalisar jiha ta amince, shi ya sa Kebbi tana nan da ƙananan hukumomi 21 ɗinta. Ko an haɗe da Birnin Kebbi gida da gida, ƙuri'arku da takardar shaidar ɗan ƙaramar hukuma suna nan inda suke.

Ƙasa kuma daban. Dokar filaye ta 1978 ta ba gwamna ikon ya ayyana wuri a matsayin birni, ranar da anka yi haka to fili ya fita hannun ƙaramar hukuma ya koma na jiha, ko da ciyaman bai motsa daga kujerarsa ba. Kuma in an karɓa don aikin jama'a, diyyar da doka ta sani ta amfanin gona ce da itatuwa da gini, ba kuɗin ƙasar ba. Nan ne tsofaffi ke kuka, mutum ya gaji gona kaka da kakanni a lissafa masa mangwaro uku da rijiya. Ka ɗauki hoton lambar da ke jikin duwatsun ka je ofishin filaye ka tambaya ko shimfiɗar gwamnati ce, don dillalai ma sun iya zuba siminti.

Maman Gesse:
Ni abin da ke ba ni haushi ba wanda ke tunanin shekara ashirin gaba. Tun 1991 da anka ba mu jiha garin ke faɗi, jami'ar tarayya ta zo 2013 ta ja mutane wajen Kalgo, filin jirgi ya ja wasu Ambursa, amma je ka sabbin unguwannin awon igiya ka gani, lungu ko Keke Napep ba ya juyawa, ba lambatu ba filin firamare ba maƙabarta, kowa ya cinye hanya da soakaway ɗinsa. Damina ta zo ruwa ya rasa inda za shi sai ɗakin mutane. Yayata can take, bara gawar surukarta sai da anka ɗauko a kafaɗa har bakin titi don mota ba ta shiga.

Ɗan Fadama:
Baba Safiyo na gode ƙwarai. Amma fa takarda ba mu da ita ko ɗaya, gado ne kawai, kowa ya san tamu ce.

Tsohon Safiyo:
Kowa ya sani ba ya shiga fayil ɗana. Ku tara magada ku je wurin uban ƙasa ya rubuta muku shaida, maƙwabtan iyaka su sa hannu tun tsofaffin da sunka san kan gonar suna da rai, sannan a yi awo a buɗe fayil. Kuma kada ku tuge duwatsun nan tukuna, ku bar su har a san mai su.