Na zaɓi in fara da LPN kafin RN, amma surutun dangi ya hana ni sakat

Maman Tagwaye

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema wurin waɗanda suka san harkar jinya a nan Amurka, musamman wanda ya taɓa bin hanyar da nake shirin bi.

Shekarata huɗu ina aikin CNA, wato mataimakiyar nas, a wani gidan kula da tsofaffi. Wanka, canza ƙunzugu, ciyarwa, juya mai jinya duk bayan awa biyu don kada ya yi gyambon kwanciya. Ban raina aikin ba, da shi nake biyan rabin kuɗin haya, amma bayana ya fara yi mini ƙorafi. Shekaruna 34, yarana uku, tagwayen ko biyar ba su cika ba. Maigida direban babbar mota ne, sai ya yi kwana goma bai kwana a gida ba.

Sau biyu ina neman gurbin RN, wato karatun cikakkiyar nas mai rajista, a kwalejin al'umma da ke kusa da mu. Karon farko makina a jarrabawar TEAS ta shiga makarantar jinya bai kai ba. Karo na biyu ya kai, sai aka ce da sauran darasin ƙananan ƙwayoyin cuta ban gama ba, kuma masu nema sun ninka kujerun. Ana cikin haka kwalejin ta ba ni gurbin LPN, wato matakin jinya mai lasisi da ke ƙasa da RN, wata 12, a fara a Janairu. Na biya kuɗin kama wuri, har fararen takalma na sayo don murna.

Ranar Lahadi muna zaune a falon yayar maigida na faɗa. Ita RN ce, tana da BSN, wato digirin farko na jinya, a ɗakin kulawa ta musamman take aiki. Ta ajiye kofin da ke hannunta, ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Haba ke kuwa, da ƙwaƙwalwarki LPN za ki yi? Ai wannan ba nas ba ce, mai rabon ƙwaya ce." Aka yi dariya. Ni ma na yi, ta yaƙe. Da na shiga mota sai da na yi minti goma ban tayar da ita ba.

Tun ranar kowa ya samu abin faɗa. Wannan ta ce ɓata shekara ne, waccan ta ce asibitoci sun daina ɗaukar LPN, wani ya ce duk wadda ta shiga ba ta fita. Don Allah ku faɗa mini gaskiya ko da ba daɗi. Asara zan yi?

Anti Mai Aikin Dare

Wa'alaikumussalam ƙanwata. Hanyar nan na bi, don haka zauna ki ji.

Abu na farko, LPN nas ce. Hukumar jinya ta jiha ce ke ba ta lasisi, kuma sai ta ci jarrabawar lasisi ta NCLEX-PN, ƙanwar NCLEX-RN, tushensu ɗaya. Tun Afrilun 2023 da aka sauya tsarin, duka biyun tambaya 85 zuwa 150 ne cikin awa biyar, da tambayoyin da za a ba ki labarin marar lafiya a ce ki yanke hukunci. Ba a ba mai rabon ƙwaya irin wannan jarrabawa.

Kuma ko rabon ƙwayar, wanda bai yi ba ne yake raina shi. Daren farko da aka bar ni ni kaɗai da keken magani, mutum 28 ne a hannuna. Ƙarfe tara na dare. Wannan sai an daka masa magani an cakuɗa da abu mai laushi don ba ya iya haɗiya, waccan ta robar ciki ake ba ta, huɗu suna jiran awon suga da allurar insulin, wani tsoho kuma ya damƙe baki ya rantse guba zan ba shi. Ina tsakiyar haka sai wata CNA ta zo ta ce mini, tsohuwar ɗaki na 14 yau ba ta yi faɗa ba. Wannan tsohuwa kullum cikin faɗa take. Na je na same ta shiru, jikinta da ɗumi, numfashi da sauri, jininta ya sauka. Na kira RN mai kula da mu, muka kira likita, aka ɗauke ta zuwa asibiti. Cutar mafitsara ce ta fara shiga jini. Bayan shekaru, da malamarmu a ajin RN take bayanin wannan yanayi a allo, yara suna ta rubutu, ni fuskar tsohuwar nan nake gani.

Wannan ita ce ribar. Na shiga karatun RN ba na tsoron marar lafiya, ba na tsoron kiran likita ƙarfe uku na dare, sunayen magunguna kuwa kamar sunayen 'ya'yana.

To amma wanda ya ce miki ba a fita, bai yi ƙarya duka ba. Na ce shekara ɗaya zan yi in koma makaranta. Biyar na yi. Albashi ya tashi, na ji daɗi, na ɗauki mota bashi, aka saba da ni a gida cewa ni ce mai biyan kaza da kaza. Ga ƙarin awoyi kullum ana roƙonki, ga kuɗinsu da zaƙi. Da na farga na je neman gurbi, sai aka ce darasin sassan jikin ɗan Adam da na yi ya tsufa, makarantar ba ta karɓar wanda ya wuce shekara biyar. Na sake zama aji na sake biya. Makarantu da yawa suna da irin wannan iyaka, wasu biyar wasu bakwai. Wannan ramin shi nake so ki gani tun yanzu, ba bakin yayar mijinki ba.

Baban Lissafi

Hajiya, ni ba nas ba ne, matata ce nas, amma ni na riƙe takardun biyan kuɗin karatunta, don haka bari in ɗan ja da Anti.

Yayar maigidanki ta yi kuskure a lafazi. A lissafi tana da abin faɗa. Alƙaluman hukumar ƙididdigar ƙwadago ta Amurka na 2023 sun nuna matsakaicin albashin LPN ya kusa dala 60,000 a shekara, na RN kuma kimanin dala 86,000. Duk shekarar da kika ƙara kafin ki zama RN, wannan tazarar kike bari a ƙasa. RN ta kwalejin al'umma shekara biyu ce bayan darussan share fage. LPN shekara ɗaya, karatun haɗewa zuwa RN kuma shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi, kuma shi ma ba a shiga sai an gama darussan share fagen nan dai, shi ma da layinsa. Wato ba ki tsere wa darasin ƙwayoyin cutar ba, jinkirta shi kika yi.

Sannan tsani ya ƙara tsawo. Tun rahoton Cibiyar Likitanci ta Amurka na 2010, wanda ya nemi kashi 80 cikin ɗari na nas-nas su zama masu BSN zuwa 2020, manyan asibitoci suke fifita mai digiri. Jihar Niyu Yok ma a 2017 ta yi doka cewa sabon RN ya samu BSN cikin shekara goma. Kin ga matakala uku ke nan a gabanki: LPN, RN, BSN.

Idan darasi ɗaya ne kawai ya rage miki, me zai hana ki gama shi a zango ɗaya ki sake nema? Sauri ya haifi nawa.

Maman Tagwaye

Na gode Anti, na gode Malam. Malam, lissafinka daidai ne a takarda. Amma sau ɗaya ake ɗauka a shekara a kwalejinmu. In na gama darasin a bazara, sai na jira kaka mai zuwa, kuma ba tabbas. Shekara biyu da rabi ko uku ke nan ina ɗaga manya-manyan mutane a kan dala 18 a awa, in bayan ya yarda. Wancan makon wani bawan Allah ya zame mana a banɗaki, na tare shi, kwana biyu ina sallah a zaune. Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki, ni dai haka nake gani.

Baban Lissafi

To, wannan ban sa shi a lissafina ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Amma ki yi mini alƙawari ɗaya: kada ki bar darasin nan ya kwana. Ko a hutun zango ne ki yi shi.

Hajiya Sista

'Yata, na daɗe ina karanta ku ban sa baki ba. Shekarata ashirin da wani abu da RN, yanzu ni ke kula da ma'aikatan jinya a wani gidan farfaɗo da marasa lafiya, LPN da yawa suna ƙarƙashina.

Ki shiga da ido buɗe. Akwai bambanci na gaske tsakanin lasisin biyu, kuma ba cin fuska ba ne a faɗe shi. LPN tana aiki ne ƙarƙashin kulawar RN ko likita. Cikakken duba na farko idan an kwantar da mutum, da tsara yadda jinyarsa za ta gudana, na RN ne. Ƙarin jini da tura wasu magunguna kai tsaye ta jijiya, a jihohi da yawa ba a yarda LPN ta yi ba, wasu kuma sai ta yi ƙarin horo na musamman kafin ta taɓa harkar ƙarin ruwa. Kowace jiha da dokarta, har sunan ma ya bambanta, a Kalifoniya da Tekzas LVN suke cewa. Ki shiga shafin hukumar jinya ta jiharku ki karanta iyakar aikinki da kanki. Za ki haɗu da ranar da ma'aikata suka yi ƙaranci wani ya ce miki "yi kawai, ba komai". Lasisinki ne zai tafi, ba nasa ba.

Maganar asibiti ma da ƙamshin gaskiya. Mafi yawan aikin LPN yana gidajen tsofaffi, da jinyar gida-gida, da ƙananan asibitocin likitoci. In burinki ɗakin haihuwa ne ko ɗakin kulawa ta musamman, sai kin kai RN.

Abin da ya fi damuna shi ne makaranta, kuma na ji daɗi da kika ce kwalejin al'umma ce. Na ga yara sun ci bashi mai nauyi a makarantun kuɗi masu talla a jikin bas, suka gama, suka ci jarrabawa, da suka je neman RN aka ce karatunsu awoyi ne aka ƙirga ba kiredit ba, wato makin darussa da wata kwaleji ke karɓa, ba abin da za a ɗauka. Kuma kun tuna abin da ya faru a Janairun 2023, da hukumomin tarayya suka bankaɗo sayar da takardun jinya na bogi sama da 7,600 daga wasu makarantu a Fulorida. Tun daga nan hukumomin jihohi suka ƙara sa ido. Duk wanda ya ce miki yana da gajeriyar hanya, ki riƙe jakarki. Ko a Kalifoniya da doka ta ba LVN wata gajeriyar hanya ta kiredit 30 zuwa jarrabawar RN, ba digiri a ciki, kuma ba kowace jiha ke karɓar wannan lasisin ba in mutum ya tashi ƙaura.

Kafin Janairu ki je ofishin sashen jinya da ƙafarki. Ki tambaye su ko suna da karatun haɗewa daga LPN zuwa RN a nan cikin kwalejin, kujera nawa, kuma ko suna neman sai kin yi aiki na wani lokaci tukuna. Ki tambayi nawa ne cikin ɗalibansu ke cin NCLEX a zaman farko, ko da yake hukumar jiha ma tana wallafawa. Ki duba ko shirin RN ɗin yana da amincewar ACEN, hukumar da ke tantance makarantun jinya, don zai yi miki amfani ranar da za ki nemi BSN. Ki cike FAFSA, fom ɗin neman tallafin karatu na gwamnatin tarayya, ko za ki samu tallafin Pell da ake ba masu ƙaramin ƙarfi. Ki kuma leƙa ofishin ma'aikata na wurin aikinki, gidajen tsofaffi da yawa suna taimaka wa ma'aikaci da kuɗin makaranta in zai zauna musu.

Sai ki shirya wa shekarar. Wata 12 ɗin nan a matse suke, aji da zuwa asibiti kusan kullum, kuma faɗuwa darasi ɗaya kan iya mayar da mutum baya. Da tagwaye da miji a kan hanya, ki nemi mai riƙe miki yara tun yanzu, da kuma ta biyu in ta farkon ta yi rashin lafiya.

Ita kuma yayar mijinki, ki bar ta. Ni da nake sabuwar RN, da digirina da komai, na tsaya a kan wata tsohuwa na yi ta fama da robar fitsari har gumi ya jiƙa mini riga. Wata LPN mai furfura ta zo ta gyara fitila, ta sa matashi ƙarƙashin ƙugun matar, ta ce in sake gwadawa. Sau ɗaya ta shiga. Ba ta faɗa wa kowa ba. Har yau in zan koya wa sabuwar nas, da matashin nan nake farawa.

Maman Tagwaye

Hajiya, Allah Ya saka da alheri, Ya ƙara girma. Na je yau da safe bayan na tashi daga aikin dare, ko kayan aiki ban cire ba. Suna da karatun haɗewa, zango uku ne, amma sai na kawo darasin ƙwayoyin cutar da lasisi a hannu. Darasin sassan jiki da na yi a 2022 kuma matar ta ƙirga mini da yatsu, ta ce shekara bakwai suke karɓa, kenan zuwa 2029. Na rubuta shekarar da babban alƙalami na manna a jikin firij, saman zanen tagwaye.

Malam, na yi rajistar darasin a zangon bazara, da yamma ne, kwana biyu a mako. Anti, motata tsohuwa ce kuma da ita zan zauna.

Abin dariya, mai riƙe yara ta biyu da na samu ita ce Yaya, yayar maigidan nan dai. Na kira ta na ce Talata da Alhamis nake cikin matsala. Ta yi shiru, ta ce har yanzu ba ta ga hikimar abin ba, sannan ta ce in kawo su ƙarfe shida, kuma in zo da jaka don tana da littafin magunguna da ba ta amfani da shi.