Shin na'urar miƙa sigina tana magance tsaikon da gini ke kawowa a gigahaz 60?

Ɗan Agege: Assalamu alaikum. Sana'ata kafa eriya a saman gidaje, kuma an nemi in haɗa ofisoshi biyu a Obalende da na'urori masu aiki a gigahaz 60, sai dai wani dogon bene ya tokare a tsakaninsu. Idan na ɗora na'urar da za ta karɓi sigina ta miƙa gaba a kan gini na uku, haɗin zai tsaya da ƙafarsa, ko kuwa asarar kuɗi ce?

Injiniya Mai Eriya: Wa alaikumus salam, Malam. Zai tsaya, matuƙar ginin na uku yana hangen kowanne daga cikin biyun ba tare da komai ya gitta ba. A wannan mita ta gigahaz 60, wato yawan kaɗawar sigina a daƙiƙa, tsawon kowace igiyar sigina milimita 5 ne kacal, don haka ba ta ratsa bangon siminti, ba ta kuma zagaya gini yadda siginar rediyon FM ke yi. Iskar oksijin ma tana shanye kusan desibel 15 (ma'aunin ƙarfin sigina) a kowace kilomita, ga ruwan saman Legas da ke ƙara raunana ta a watan Yuni da Yuli. Raba tazarar gida biyu yana rage wannan asara sosai.

Hajiya ta Idi-Araba: Injiniya ya yi gaskiya, amma kowane zango da aka ƙara yana da farashinsa. Na'urar da ke karɓa da aikawa bi da bi a tasha ɗaya tana iya rage gudun bayanai zuwa rabi, shi ya sa gara eriya biyu da aka juya baya da baya aka haɗa su da waya. Kuma idan kowane zango yana buɗe kashi 90 cikin ɗari na lokaci, zango uku a jere sun dawo kashi 73. Tankin ruwan da maƙwabci ya ɗora kan rufi, ko allon talla da aka kafa cikin dare, ya isa ya katse komai, saboda haka ka duba abin da ake ginawa a layin kafin ka ɗaure ƙarfe.

Ɗan Agege: Na gode, Hajiya. Ke nan haka 5G ɗinmu yake fama?

Injiniya Mai Eriya: Ba daidai haka ba, domin mitar 5G da hukumar sadarwa ta Najeriya, NCC, ta yi gwanjonta a Disamba 2021 ta gigahaz 3.5 ce, wadda ta fi jure shinge nesa ba kusa ba. Kai dai ka tanadar wa na'urar tsakiyar batir da sola, don idan aka ɗauke wuta a ginin na uku, ofisoshin biyu duk za su rasa haɗi.