Maganin tsutsa ya daina ci a bargata, in ninka ne?

Mai Akawal: Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masana a cikinmu. Dawakai biyar gare ni, sai dukushi ɗan wata huɗu. Shekara shida ke nan ina ba su maganin tsutsar ciki duk bayan wata biyu, dukansu rana ɗaya, ban taɓa fashi ba. Amma bana goɗiyata sai ramewa take yi, gashinta ya dushe, alhali ci take kamar da. Dukushin kuwa cikinsa ya yi tulu, jiya har na ga farar tsutsa mai tsawon taƙi guda a kashinsa, mako uku bayan na ba shi ivermectin. Sau biyu ina canja wa goɗiyar magani, shiru. Jabu ake sayar mini, ko kuwa ninkawa zan yi?

Tsohon Barde: Wa alaikumus salam. Yaro, maganin yanzu ba shi da ƙarfi. Ka nemi na wani kamfanin, ka ninka, ka riƙa bayarwa duk wata. A da kwali ɗaya ya isa.

Likitar Dabbobi: Baba, a gafarce ni, gaskiyarku ne cewa a da kwali ɗaya ya isa, sai dai ba maganin ne ya yi rauni ba, tsutsar ce ta canja. Malam Mai Akawal, kada ka ninka tukuna.

Duk lokacin da ka ba da magani, masu rauni suna mutuwa, 'yan ƙalilan da Allah ya hore wa juriya suna tsira. Su ne za su yi ƙwai, ƙwan ya fita a kashi, tsutsar ta hau ciyawa, doki ya sake ci. Ka yi haka sau shida a shekara har shekara shida, ka tace masu taurin kai ka bar musu filin su kaɗai. Ba yau aka fara ba: thiabendazole ya fito a 1961, zuwa 1964 an riga an ba da rahoton tsutsar tumaki da ta bijire masa. Tsarin nan na wata bibbiyu ma tun shekarun 1960 aka tsara shi, don wata babbar tsutsa mai bin jijiyoyin jinin hanji. Ita an ci ƙarfinta, sai ƙananan tsutsotsin hanji suka gaje gidan.

Abin da ke damun mu shi ne dangin maganin waɗannan tsutsotsi a doki uku ne kacal: dangin fenbendazole, da pyrantel, da dangin ivermectin da moxidectin. Tun fitowar ivermectin a 1981 ba a samu sabon dangi na doki ba. Don haka ka duba ƙananan rubutun kwalayen da ka canja, ba sunan kamfani ba.

Abin yi: ka ɗebi sabon kashin kowane doki daban, ka rubuta sunansa, a ƙirga ƙwan tsutsa a kowane giram a ɗakin gwaji. Ka ba da magani bisa nauyinsa na gaskiya, bayan kwana 14 a sake ƙirgawa. Idan ivermectin ne kuma ƙwan bai ragu da kashi 95 cikin 100 ba, akwai matsala. Za ka kuma tarar doki ɗaya ko biyu ne ke zubar da yawancin ƙwan, domin kusan kashi 20 na garke ke fitar da kashi 80. Su za ka fi bi da magani. Wanda ƙwansa bai kai 200 a giram ba, sau ɗaya ko biyu a shekara ya ishe shi. Tsutsotsinsa da ba su sha magani ba su ne ke surka jinin masu juriyar.

Dukushin ne ya fi tayar mini da hankali. Wannan farar tsutsa an san ta da bijire wa ivermectin tun 2002 da aka fara ba da rahoto a Holan. Fenbendazole ya fi cin ta. Amma idan sun yi yawa suka mutu a lokaci guda suna iya toshe masa hanji, don haka likita ya gan shi kafin ka ɗura masa komai.

Mai Awaki: Dakta ta gama magana. Ni a awaki na sha wannan. Ashe ina ba su awon tumaki, alhali akuya ta fi tunkiya saurin narkar da magani, sai na yi ta horar da tsutsa da rabin magani. Yanzu katin FAMACHA nake amfani da shi, wanda aka ƙirƙiro a Afirka ta Kudu: ka buɗe fatar ido ta ƙasa, ka gwada launinta da na katin, daga 1 ja zuwa 5 fari fat, masu fari kawai nake ba, don fari alamar tsutsa ta shanye jini ce. Kuma kada mu jira sabon magani ya cece mu. Monepantel, wani sabon maganin tsutsar tumaki, ya fito a 2009, zuwa 2013 an samu tsutsar da ta gagare shi a Niyuzilan.

Tsohon Barde: To, na ji. Amma a duba haƙoran goɗiyar nan. Na ga doki da yawa da aka ɗora wa tsutsa laifi, ashe tauna ce ta gagare su.

Likitar Dabbobi: Wannan kam haka ne, Baba. Kuma a riƙa kwashe kashi daga fili sau biyu a mako.

Mai Akawal: Na gode ƙwarai. Na je na tono kwalayen: ɗaya fenbendazole, ɗaya oxibendazole. Dakta, dangi ɗaya ne ko?

Likitar Dabbobi: Uwa ɗaya uba ɗaya, Malam. Kashin da za ka kai gwaji ya zama na safiyar ranar, ka matse iskar ledar, ka ajiye shi a sanyi, don in ƙwan ya ƙyanƙyashe a hanya lissafin zai yi maka ƙarya.