Yaya zan sami tiriga (gajeren bugun lantarki) duk lokacin da CV (ƙarfin lantarki mai sarrafa sintesaiza) ya sauya?

Tambaya daga Mai_Kebul:
Salamu alaikum 'yan'uwa. Sikwensa ce (na'ura mai jera notoci) a Eurorack, wato sintesaizar da ake harhaɗawa modul-modul, mai fitar da CV na sauti kaɗai, ba ta ba da get (siginar kunnawa da kashe nota). Ana son ADSR (modul mai tsara tashi da faɗuwar sauti) ya buɗe duk lokacin da nota ta sauya, ko sama ta yi ko ƙasa. Shin akwai modul mai wannan aiki, ko dole sai an haɗa da hannu?

Amsa daga Sarkin_Soda:
Wa alaikumus salam. Malam, ka fara tantance irin sauyin da kake son kamawa, domin iri biyu ne kuma maganinsu ba ɗaya ba. Akwai tsalle, kamar na sikwensa, akwai kuma rarrafe, kamar na LFO (modul mai fitar da CV mai hawa da sauka a hankali). Naka tsalle ne, shi ne mai sauƙin.

A ma'aunin bolt 1 ga kowace oktaf, tsalle mafi ƙanƙanta tsakanin nota da maƙwabciyarta kashi ɗaya ne cikin 12 na bolt, wato milibolt 83. Duk abin da za ka haɗa sai ya ga wannan, ya kuma kau da kai daga hayaniyar da ke ƙasa da shi.

Hanya mafi gajarta ita ce kwantaiza, wato modul mai daidaita CV a kan notoci. Doepfer A-156 na da kafar tiriga da ke bugawa idan notar da yake fitarwa ta sauya. Amma zai ja CV ɗin zuwa notar da ta fi kusa, don haka idan ba ka son a taɓa sautin, raba shi da multiful (mai raba sigina gida-gida): reshe ɗaya kai tsaye zuwa VCO (modul mai haifar da sautin), ɗayan ya shiga kwantaiza don tirigar kawai. Ladik J-110 kuwa don wannan aikin aka yi shi, yana nuna hawa, sauka ko tsayuwar CV.

Amsa daga Injiniya_TL072:
Idan akwai Doepfer A-170 (mai jinkirta sauyin CV) da A-167 (kwamfareta, mai gwada CV biyu) a akwatin, ba sai an sayi komai ba. Raba CV biyu. Ɗaya ya shiga kafar + ta kwamfareta, ɗayan ya bi ta A-170 da ɗan jinkiri sannan ya shiga kafar −. Da nota ta yi tsalle, mai jinkirin zai makara, wannan tazarar ce ke ɗaga get. Aibinsa ɗaya: hawa kaɗai yake gani. Don sauka sai kwamfareta ta biyu da aka juya wa wayoyi, a haɗa fitarsu da OR (mai ba da get idan ko ɗaya daga cikinsu ya ɗaga).

Ga mai son riƙe ƙarfen soda, dabarar ɗaya ce. Amfilifaya TL072 a gaba don kada a ja wa sikwensa kaya, sai rasista 100k da kafasita 100nF, jinkirin milisakan 10 ke nan. A cire mai jinkiri daga na asali, a ninka bambancin sau 20, tsallen milibolt 83 ya koma kusan bolt 1.7. LM393 na da kwamfareta biyu a ciki: ɗaya a bolt +0.8, ɗaya a −0.8, daidai da milibolt 40 a shigarwa. Kada a manta da rasistar da ke ja fitarsa sama, 10k ta isa, in babu ita ba za ka ga komai ba.

Inda mutane ke tuntuɓe shi ne faɗin bugun, domin yana bin girman tsallen. Ƙaramin tsalle zai ba da kusan milisakan 7, oktaf guda kuma sama da 30. Idan sikwensa na gudu sosai, bugu biyu kan manne su zama ɗaya, nota ta wuce shiru. Rage kafasitar zuwa 22nF. In ana son faɗi ɗaya koyaushe, a bi da cif ɗin ƙidayar lokaci 555 mai bugu ɗaya: 47k da 100nF na ba da kusan milisakan 5.

Amsa daga Hajiya_LFO:
Injiniya ya yi bayani, sai dai a lura wannan haɗin makaho ne ga rarrafe. CV mai tafiyar bolt 1 a sakan, tazarar milibolt 10 kawai zai bari, bai kai 40 ba. Haka zai faru idan aka kunna sulɓi (zamewa a hankali maimakon tsalle) tsakanin notoci, saboda haka a ɗauki CV ɗin kafin ya shiga sulɓin.

Mai son kama rarrafe ya koma Arduino (ƙaramin allon kwamfuta da ake rubuta wa umarni): a ajiye ƙimar da aka buga tiriga a kanta, a jira sabon karatu ya yi nisa da ita, sannan a buga a sabunta. Kafarsa 0 zuwa bolt 5 take ɗauka, mataki 1024. Idan aka raba bolt 10 biyu da rasistoci, kowane mataki kusan milibolt 10 ne, nota ɗaya mataki 8. Sa iyaka a mataki 4, domin karatun kan yi rawar mataki ɗaya ko biyu da kansa. A sa dayod na kariya, CV mai ƙasa da sifili na iya ƙona kafar.

Abu na ƙarshe, ɗan'uwa Mai_Kebul: idan nota ɗaya ta maimaitu sau biyu a jere, babu sauyi, babu tiriga, ko wace hanya ka bi. In waƙar na da irin wannan, agogon da ke tuƙa sikwensar za ka raba ka kai wa ADSR.