Mataimakin matuƙina yana bin ƙa'idar Amurka a sararin Jos

Salamu alaikum 'yan uwa. Ina tuƙa Boeing 737 a wasan kwamfuta na Microsoft Flight Simulator daga filin jirgin Yakubu Gowon na Heipang zuwa Abuja, na kuma ɗora manhajar mataimakin matuƙi mai magana. Matsalata, ba ya cewa a mayar da altimita (na'urar auna tsayi) zuwa 1013, wato awon matsin iska na bai-ɗaya, sai mun kai ƙafa 18,000, kuma 29.92 yake faɗa maimakon 1013, irin awon Amurka. A nan ana sauyawa tun ƙasa da haka sosai. Na gyara tsayin sauyawar a kwamfutar jirgin, amma shi ko a jikinsa.

Shin a ina yake karanta wannan tsayin? Idan akwai matuƙi na gaske a cikinmu, don Allah Kyaftin, wa ke fara kiran a sauya altimitar a wajenku, matuƙin da ke tuƙi ko mai lura?