Leza ko IPL, wanne ya dace da fatata?

Salam 'yan uwa, dan Allah a taimaka min. Daga wani ƙauye nake kusa da Ringim. Kumatuna sun yi ja, ƙananan jijiyoyi sun fito kamar zare, in na shiga rana ko na zauna gaban murhu sai fuskar ta hau raɗaɗi, ga baƙin tabon ƙuraje a goshi. Na daina man bilicin, na sha maganin kashe ƙwayoyin cuta mai suna doxycycline da likita ya rubuta, ƙurajen sun kwanta amma jan yana nan daram. A Kano wani wuri suka ce a yi min IPL, wato na'urar da ake haska wa fata haske mai ƙarfi don magani, wani likitan kuma yace tana iya ƙona fata mai duhu ta bar tabo, gara leza Nd:YAG 1064, wato wata na'urar hasken ta daban, ga tsada ga kuɗin mota. Ni wankan tarwaɗa ce, wanne zan yi?