Wanda aka taɓa tsare nasa kan zargin fashi a Saudiyya, yaya batun kafala, wato beli, ya kasance?

Uwar marayu, Jidda:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. An kama ɗan ƙanwata tare da samari biyu, ana zarginsu da ƙwace wa mai shago kuɗi da wuƙa. Yaron ya rantse shi dai rage musu hanya ya yi a mota. Mun je da ɗan ƙasa mai aikin gwamnati zai tsaya masa, aka ce ba yanzu ba. Don Allah wanda ya taɓa shiga irin wannan ya faɗa mini abin da ya gani, uwarsa ko barci ba ta yi.

Direba, Makka:
Yaya, Allah ya kawo sauƙi. Ƙanena ya shiga irinta. A farko maganar ba ta ma isa gaban alƙali ba, tana hannun niyaba, wato ofishin masu gabatar da ƙara. Mai bincike yana iya tsare mutum kwana 5, a ƙara har 40, a sake ƙarawa har jimilla 180. Daga nan ko a kai shi kotu ko a sake shi, sai dai in kotu ce ta tsawaita. Namu sai da aka duba kyamarar titi, aka ga ba shi a wurin, sannan suka karɓi kafalar kawo shi duk ranar da aka nema.

Tsohon tafinta, Madina:
Hajiya, na daɗe ina yi wa mutanenmu tafinta a irin waɗannan zama, kuma inda dangi suka fi ruɗewa shi ne zaton girman mai kafala ko yawan kuɗi ne ke buɗe ƙofa. Akwai jerin manyan laifukan da doka ta ce a tsare mai su, babban mai gabatar da ƙara na ƙasa ne ke fitar da shi. Laifukan haddi masu hukuncin kisa ko yanke gaɓa suna ciki, kamar hiraba, wato fashi da makami, haka ma satar da gungu ya shirya. Wuƙa da mutum uku, nan ne nauyin maganarku yake. Don haka aikin lauyanku shi ne ya nuna cewa hujjar da ke kan wannan yaron ba ta kai ba, ko rawar da ya taka ba ta shiga wancan jerin ba. Da zarar takarda ta isa kotun laifuka, sakin ya koma hannun alƙali. Na ga yana tambayar ko iƙama, wato takardar izinin zama, na da rai, ko akwai adireshi tsayayye, ko sakin zai ɓata bincike. Kuma ku gaya wa yaron kada ya sa hannu a kan abin da bai fahimta ba. Larabcin unguwa daban, na takarda daban, yana da haƙƙin neman tafinta.

Dattijo, Misfala:
'Yata, ki yi hattara da dillalai. Wani ya karɓe mana kuɗi mai yawa wai ya san manya, har yau wayarsa a kashe. Abin da ya amfane mu shi ne zuwa wurin wanda aka yi wa ɓarna da dattawan unguwa, muka biya asararsa, ya rubuta tanazul, wato takardar yafe haƙƙinsa. Amma tanazul haƙƙinsa kawai ya sauke, na hukuma yana nan. Ɗana ya gama wa'adinsa, aka yi masa tarhil, wato kora daga ƙasar, zuwa Kano.

Uwar marayu, Jidda:
Na gode, Allah ya saka. Malam tafinta, iƙamar yaron ta mutu tun bara. Mu fara gyara ta ne, ko mu fara neman lauya?

Tsohon tafinta, Madina:
Lauya tukuna, Hajiya, mai lasisin ma'aikatar shari'a, ana iya duba sunansa a Najiz, shafin intanet na ma'aikatar. Ku kuma sanar da ofishin jakadancin ƙasarku da ke nan Jidda tun yanzu.